Kawu da Karsanar da Bai Ɗora wa Hannu Ba

Dukkanmu na Allah ne, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi ranar wata Talata da hantsi, a gadon asibiti a Manchester. Yayan mahaifiyata ne. Washegari muka kai shi makwancinsa ana yayyafi, cikin ƙasa mai danƙo wadda ke riƙe takalmin mutum kamar ba ta so ya tafi.

A flat ɗin ɗansa, taubashina, wato gidansa na saman bene, aka yi zaman makoki, a Salford, hawa na goma sha ɗaya. Lift kuwa ta zaɓi wannan satin ta mutu ita ma. Duk wanda ya iso ƙofa sai ya dafa bango ya yi haki tukuna kafin ya iya cewa "ya haƙuri". Wani bawan Allah ɗan Kumasi, mai jiki, da ya taso tun daga Birmingham, sai da muka kwantar da shi muka yi masa fifita da kwalin biskit. Na rantse na fara tunanin gawa biyu za mu yi a sati ɗaya.

Ɗaliban uni, jami'ar da taubashina ke aiki, waɗanda ke zuwa gaishe da Kawu ranar Juma'a da yamma, suka jeru a kan kafet, kowa da abin da zai faɗa. "Baba mutum ne mai haƙuri." "Baba ba ruwansa da kowa, kullum yana bakin taga." Matan da ke kicin suka ce ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na kira Inna a gida na sa ta a sifika don ta ji alherin da ake faɗa a kan yayanta. Ta yi kuka, ta ce, "A can kuka bar shi? Cikin ruwan nan?" Can da ta ji ana ta maimaita mai haƙuri, sai ta tsaya. "Wa? Yaya? Anya gawar da ta dace kuka binne?" Ta yi dariya, ta koma kukanta.

Jikarsa kuwa tana gefe tana saurare. 'Yar taubashiyata ce, shekararta goma sha biyar, a unguwar Erdington ta Birmingham aka haife ta, Hausarta kuma irin wadda ake ɗaurawa da zare ce. Da jama'a suka ragu ta same ni ina wanke kofuna, ta ce, "Uncle, tun safe ina ji. Nobody said shanu. Ko mutum ɗaya."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mutanen nan tsohon bakin taga suka sani. Ni na san wani.

Kawu dillalin shanu ne. Ya yi shekara arba'in a kara, kasuwar shanu, kuma idan yana ciniki a gabas, mutanen yamma sukan san farashi ba tare da sun aika kowa ba. Bai yarda da ido ba ko kaɗan. A nuna masa sa ƙato kamar ɗaki, zai ce, "Bari in ɗora hannu." Ya bi gadon baya da tafinsa, ya gangaro haƙarƙari, ya matsa gindin wutsiya, ya ja fata ya saki, ya buɗe baki ya duba haƙora. Sannan ya gaya maka shekarun dabbar, da abin da ta ci da rani, da ko mai ita mutumin kirki ne.

Taubashi ne ya kawo shi a duba masa ƙoda. Sati shida aka ce. Sati shidan nan ne ya zama shekara bakwai. Wankin ƙoda Litinin, Laraba, Juma'a. Fasfonsa yana wani ofis ana jiran a amsa takardar zamansa, kuma duk wasiƙar da ta zo cewa take a ƙara jira. Gida ba ya komuwa, don inji ne ke riƙe da shi. Ƙasa ba ta saukuwa sai lift ta ga dama. Sai ya tattara sana'arsa ya koma yi da abin da ya samu. In an kawo nama daga shago, sai ya danna shi ta cikin leda ya ce, "Wannan ba ta taɓa tafiya ba a rayuwarta." In ɗalibi ya miƙa hannu, sai ya kama damtsensa ya matsa. "Karatu ya cinye ka, ɗana. Ko kyauta ba zan ɗauke ka ba." Su suna tsammani wasa ne. Aiki yake yi.

Ana nan sai jikar ta shiga wata ƙungiyar matasa a wata gona da ke gefen Birmingham. Tsarinsu shi ne a ba kowane yaro karsana ta nama ya raina tun daga shigowar sanyi. Shi zai ciyar da ita, ya taje ta, ya koya mata tafiya da ragama, duk wata a ɗora ta a sikeli, in bazara ta zo a kai su baje koli alƙali ya jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Ina wajen ranar da ta kira ta bidiyo ta nuna masa tata. Baƙa ce wuluk, gajeriya, gashi buya-buya.

Kawu ya kai wayar har bakin hancinsa. "Amarya, ina ƙahon?"

"Ba ta da shi, Kaka."

"Tozon fa?"

"What's tozo?"

"Innalillahi. Wannan ai akwati ne aka sa wa ƙafa. Me kuke kiranta?"

"Biskit. Tana da passport ma, duba."

Ta ɗaga takardar. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni. "Ka ji ƙasa. Saniya fasfonta yana hannunta, ni nawa yana hannun wasu."

Amma daga ranar bai sake zama bakin taga ba. Kira safe, kira yamma. Ta juya mata baya, ta juya mata gefe, ta ɗaga mata kofato. Duk da haka sai ya ajiye wayar ya ce, "Gilashi nake shafawa." Ya ce a kai shi. Likitansa ya ce sam, akwai roba a ƙirjinsa da ake jona masa inji, in ƙazantar gona ta shiga nan an gama. Taubashi ya tsaya a kan maganar likita. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma yana da gaskiya. Kawu ya yi masifa har maƙwabciyar ƙasa ta bugo silin da tsintsiya. Da ya gaji sai ya kalle ni.

"Kai direban tasi ne. Ba ka da aiki sai yawo a Oxford Road. Ka je ka zama hannuna."

To ga abin da dangi kaɗan suka sani. Ni tsoron shanu nake ji. Ina ɗan shekara tara wani bijimi ya bi ni daga kara, kuma a yadda nake ba da labarin, sai da muka zagaya gari sau biyu ya raka ni har ƙarƙashin gadon Inna. Amma wa zai ce wa Kawu a'a? Ranar Lahadi na kama hanya. Na isa gonar, na ga Biskit, Biskit ta gan ni, ta yi wani huci. Na ce wa yarinyar takalmina ba na taɓo ba ne, na tsaya bayan shinge, na ƙare mata kallo da kyau. A ido kuwa kamar an hura ta. Ban san gashin sanyi ne ba.

Na dawo na hau bene goma sha ɗaya da labari a bakina. "Kawu, ai ba a magana. Hannuna ya nutse har gwiwa. Na nemi haƙarƙari har na gaji, babu. Gindin wutsiya kamar an ɗora matashin kai biyu."

Duk wanda ya san ni ya san in na ce goma, uku ne. Kawu ma ya sani a kan komai. Amma a kan saniya bai taɓa zaton ɗan ƙanwarsa zai yi ƙari ba, don a wajensa wannan ba wurin wasa ba ne. Fuskarsa ta yi haske. Ya kira yarinyar nan take.

"Amarya, kitse ya yi mata yawa. Alƙali in ya san aikinsa baya zai tura ta. Ki rage mata abinci rabi, ki ƙara mata tafiya."

"Amma Kaka, matar da ke koya mana ta ce..."

"Matar nan shekara nawa ta yi a kara?"

Yarinya ta bi maganar kakanta a ɓoye. Ni kuma na koma sau biyu, na tsaya a wurina na bayan shinge, na dawo da rahoto mai daɗi. Sai ranar sikeli ta zo. Shanun kowa sun ƙaru, Biskit ta ragu. Aka rage mata gashi, ga haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa daga titi. Baturiyar da ke kula da su ta ce in ba ta murmure ba kafin bazara, ba za a sa ta a baje koli ba. Yarinyar ta kira tana kuka har numfashinta na sarƙewa.

Da aka kashe wayar, Kawu ya ce, "Zo nan. Nuna mini a cinyata yadda ka danna ta."

Na ɗan bubbuga masa kamar mai lallashin jariri.

"Ba ka taɓa ta ba."

"Kawu, ai kusan..."

"Ina ka tsaya?"

"Bayan shinge."

"Tazarar?"

"Kamar daga nan zuwa kicin."

"Kai."

"Zuwa lift."

Na jira ihu. Da ya yi, da na ji sauƙi. A hankali ya yi magana. "Ƙafata ta ƙi. Ƙodata ta ƙi. Takardata tana hannun wasu. Hannu ɗaya na ara, ashe shi ma na ƙarya ne. Tashi ka ba ni wuri."

Sati uku bai amsa gaisuwata ba. Nakan kai shi wankin ƙoda in dawo da shi, yana bayan mota yana kallon tiram, jiragen ƙasan nan na kan titi, kamar direban haya ya tsayar. Amma ga abin da ya yi a yammacin da asirina ya tonu, ina tsaye a ƙofa ban gama sa takalmi ba. Taubashiyata ta kira a fusace tana tambayar wa ya sa 'yarta ta hana dabba abinci. Kawu ya ce, "Ni ne. Tsufa ne. Da shanun ƙasarmu na auna ta, na yi kuskure. Ki ba matar nan haƙuri." Mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa cewa ya yi kuskure a kan saniya ba, ko da alƙali ya rantsar da shi. Bai ambaci sunana ba, ba a ranar ba, ba daga baya ba. Taubashiya, yau kike ji. Bawan gidanku ne ya yi, kuma ga wuyana.

Hukuncina ya zo da hutun makaranta, da yarinyar ta zo Salford. Ina shiga Kawu ya nuna kafet. "Durƙusa. Hannu da gwiwa." Na durƙusa, mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Ya kama hannun jikarsa ya ɗora a bayana.

"Danna nan. Me kika ji?"

"Soft, Kaka."

"Kitse ke nan. Na zaman mota da soyayyen dankali. In kin danna ya lotsa bai dawo ba, kitse ne. Nama turo hannu yake yi. Matso nan, gefen ƙashin baya. Me kika ji?"

"Ba komai."

"To nan ya kamata nama ya kasance."

"In alƙali ya gan shi, na nawa zai ba shi?"

"A cikin huɗu? Na biyar."

Taubashi ya dawo daga uni ya tarar da ubansa yana jan fatar wuyana, 'yar ƙanwarsa tana rubutawa a littafi. Ya tsaya, ya juya, ya koma ya rufe ƙofa a hankali. Awa biyu na yi a ƙasa. Da na miƙe, Kawu ya ce, "Sannu," kuma wannan ce kalmar farko da ya ba ni a sati uku.

Daga nan yarinyar ta zama mai ba da rahoto da hannunta, kuma ita ba ta ƙari. Aka mayar wa Biskit abincinta, ta fara cikowa, aka sa sunanta a baje koli. Kowa ya yi murna. Kawu ma ya yi, amma wata Laraba muna dawowa daga asibiti, jikinsa duk ya saki, ya ce daga bayan mota, "Ɗan nan, sau ɗaya nake so. In ɗora mata hannu sau ɗaya. Shekara bakwai ban taɓa abu mai numfashi ba sai ɗalibai."

Ranar Asabar ce baje kolin, bayan azahar za a shiga da su. Taubashi yana da taro a uni har la'asar. Lift tana aiki. Na ɗauki wannan a matsayin izini. Na manne masa ƙirjinsa da filasta har hawa uku, ya sa babbar rigar da ke ƙasan akwati tun zuwansa, ya kafa hula, ya ɗauki sanda. Na sato shi. A hanya sai surutu yake kamar yaron da za a kai kallon ƙwallo, yana gaya mini shanun da ke filayen gefen titi duk malalata ne.

Mun wuce rabin hanya sai komai ya tsaya. An yi haɗari a gaba, an rufe titi. Gaba mota, baya mota, ba wurin fita. Mutane suka kashe inji. Awa ɗaya. Awa ɗaya da rabi. Na yi ta ba shi labarai, har na bijimin nan na ƙara masa zagaye na uku, bai ko murmusa ba. Yana kallon agogon mota. Da ƙarfe ɗaya ta wuce ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Can sai ya ɗaga kai. "Sauke gilashi."

A layin hagu, daidai gefensa, wata tirela ce mai ramukan shan iska a jikinta. Ni ban kula da ita ba. Shi hancinsa ya gaya masa. Ta ramukan ana ganin hanci jiƙaƙƙe, da ido, da kunne mai lamba.

"Buɗe ƙofa ka riƙe ni."

"Kawu, titi ne fa. Likita ya ce..."

"Likita yana nan?"

Na zagayo na zuge ƙofar. Ya taka matakin motar, na rungume ƙugunsa, ya zura hannu ta rami har kafaɗa. Shanu suna hura mini iska a ƙeya, amma ban sake shi ba. Ya yi wani sauti da harshensa wanda rabona da ji tun ina yaro, sai motsin da ke cikin tirelar ya lafa. Direban, wani jan Bature, ya leƙo. "You alright there, mate?" Na ce masa kawuna ne, sana'arsa ce a da. Kawu ya ce, "Gaya masa wannan jar shekararta biyu da rabi, kuma wanda ya raine ta ba ya rowa." Na fassara. Direban ya yi dariya ya ce daga gonar surukinsa take, kuma wannan ne karo na farko da wani ya faɗi haka a kansa.

Wayata ta yi ƙara. Yarinyar ce. Na sa a sifika na kai kunnensa.

"Kaka, where are you? Suna kiran class ɗinmu!"

"Amarya, ba zan iso ba. Hanya ta riƙe ni."

Na ji ta ja hanci.

"Kada ki yi mini kuka a gaban saniya. Tana kusa da ke?"

"Eh."

"Ɗora hannu a gadon bayanta."

"Na ɗora."

"Gangaro a hankali." Na ji kafaɗarsa tana motsi a jikina. Shi ma gangarowa yake, a jikin jar saniyar da ba tasa ba. "Me kika ji?"

"Nama, Kaka. Yana turo hannuna. Kitse kaɗan a sama, kamar bargo."

"Haƙarƙari?"

"Sai na danna nake jin su."

"Gindin wutsiya?"

"Ya cika. Bai yi tudu ba."

"To ta yi. Shiga da ita, ki ɗaga kanki."

Bai zare hannunsa ba. Ya bar shi a can, goshinsa a jingine da ƙarfen tirela, idonsa a rufe, har sai da motocin gaba suka fara tayar da inji. Direban ya jira mu, na baya suna ta hon, bai motsa ba sai da na zauna da Kawu na rufe ƙofa. A mafita ta gaba na juya. Ƙarfinsa ya ƙare, la'asar kuma ta kusa. Muna hanya saƙo ya shigo, Biskit ta zo ta uku a cikin bakwai. Kawu ya ce in tambaya ko alƙalin ya ɗora mata hannu. Ta ce ya ɗora. Ya ce to ba shi da ƙorafi.

Bai taɓa ganin Biskit ido da ido ba. Bayan wannan rana bai sake fita ba sai asibiti, kuma wata biyu ya ƙara a duniya. Zuciya ce ta tsaya, ba robar ƙirji ba. Na tambayi likita sau uku, Taubashi, kafin ka tambaye ni.

Da muka kusa Salford a ranar, dogayen benen sun fara bayyana, na ce, "Kawu, ka yafe mini abin shinge."

"Kalli gabanka."

Na kalli gabana. Sai da muka tsaya a danja ya ce, "Na yafe. Amma in na mutu kada ka ba da labarin yau. Na san ka. Cewa za ka yi giwa na taɓa."

Saniya ce, Kawu. Ja, mai shekara biyu da rabi. Ban ƙara mata ko gashi ɗaya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka inda kake kwance, Ya buɗe maka ƙofar da ba a jira a bakinta.